Zabura a Kan Murfin Randa

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Inna ta ɗora Littafi Mai Tsarki a kan murfin randa. A buɗe ta bar shi, ta danne shi da ɗan dutse kada iska ta juya shafin. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wurin, don gefen takardar ya yi baƙi da yatsunta. Zabura ta casa'in da ɗaya. Yanzu duk mai son ruwa sai ya ɗaga Littafin, ya ɗiba, ya mayar. Na ce, "Inna, zai jiƙe fa." Ta ce, "Ya jiƙe. Ke dai kada ki rufe shi."

Ban yi gardama ba. Uwar miji ce, kuma ita ta fara shiga coci a duk danginsu, tun 'yan'uwanta na yi mata dariya. Yau ga ɗanta Ishaya, mijina, shi ne mai bishara a 'yar cocinmu ta Gidan Marke. In ta ce a bar Littafi a kan randa, a kan randa zai kwana.

An ce daga Unguwar Maƙera ciwon nan ya fara. Wasu na cewa tuwon biki ne, wasu rijiyar kasuwa, wasu kuma wai wani baƙo ne ya zo da shi daga Ɗambatta. Kowa da nasa. Abin da kowa ya yarda da shi, ba ya jinkiri. Mutum ya gaishe ka da safe, da la'asar a wuce da shi. Ba zan rubuta sunansa ba.

Muna hutun makaranta, ba ni da yaran koyarwa. Hannuna ya saba da alli, ya ƙi zama, shi ya sa na ɗauko biro.

Laraba, 13 ga Agusta, da sassafe

Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana karanta ta da ka, da ƙarfi, kamar mai kiran awaki. Cewa duk wanda ya fake a inuwar Maɗaukaki, Allah zai lulluɓe shi da fikafikai. Ba zai ji tsoron abin da ke yawo cikin duhu ba, ko abin da ke kisa da tsakar rana. Ta bayan danga kuma ina jin maƙwabcinmu, Malam Abdulkabir, yana ja wa yaran unguwa karatun allo. Muryoyin biyu suna haɗuwa a kan karan dangar. Shekara da shekaru haka muke, ban taɓa tsayawa na saurara ba sai yau.

Akwai wata kafa a ƙasan dangar inda Tabita tawa da Tahira, 'yar Yakaka matar Malam, suke rarrafawa su je wa juna. A wata ɗaya aka haife su, yau shekara huɗu. Inna ta toshe kafar da ƙaya. Tabita ta zauna a wurin tana magana ta tsakanin kara. "Tahira, kina nan?" Daga can aka ce, "Ina nan." Haka suka wuni.

Juma'a, 15 ga Agusta, da azahar

Ikilima, ma'aikaciyar lafiya, ta zaga gari a bayan babur da lasifika. A tafasa ruwa. A wanke hannu. Kada a taru wajen wankan gawa. Sun karɓi makarantarmu sun mai da ita asibiti, don ɗakin shan magani ya cika. Ta ba kowane gida ƙwayoyin da ake jefawa cikin ruwa.

Da na zo jefa ɗaya a randa Inna ta riƙe mini hannu. "Wato Maganar Allah ba ta isa ba ke nan?" Baban Tabita yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba, ya ce, "Inna, wanda ya ba da Maganar shi ya ba su ilimin. Bar ta ta jefa." Ta sake ni. Ta ɗanɗana ruwan ta tofar, wai warin asibiti yake.

Na wanke hannu. Na wanke wa Tabita. Na sake wankewa.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan sujada

Coci ta cika har baranda. Mutanen da rabona da su tun Ista duk sun zo. Dattawa suka roƙi Baban Tabita ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya karanta musu Zaburar Inna. Haka suke kiranta yanzu. Ya karanta. Da ya kai wurin da aka ce ko dubu sun faɗi a gefenka, dubu goma a damanka, abin ba zai matso ka ba, sai amin ta tashi har kwanon rufi ya amsa. Wata ma ta rangaɗa guɗa.

Ni ban ce amin ba. Ba ƙi na yi ba, bakina ne bai buɗe ba. Ina zaune ina lissafin in na fito daga ɗakina na fuskanci ƙofa, gidan wa ke damana. Gidan Yakaka ne.

A hanyar dawowa, tsakanin geron da ya fi mu tsawo, na tambaye shi. "Baban Tabita, su wane ne dubun nan?" Ya ce, "Rifkatu, kin tuna wanda ya karanta wa Yesu wannan Zaburar? Shaiɗan ne. Ya kai shi saman Haikali ya ce ya yi tsalle, ai an rubuta mala'iku za su tare shi." Na ce na sani, ba abin da na tambaya ba ke nan. Ya ce, "Na san ba shi kika tambaya ba." Na ce to me ya hana shi faɗar ko wannan ɗin a coci? Ya ce, "Kin ga fuskokinsu kuwa?"

Litinin, 18 ga Agusta, da la'asar

Muna gyaran zogale ni da Inna, ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce shekarar sanƙarau, tun ba a haifi mijina ba, ta binne 'ya'ya biyu cikin bazara ɗaya. Bokan gidansu ya ci mata akuya da zakara, bai hana komai ba. Tana da cikin Ishaya wata malamar yaƙi da jahilci ta riƙa zuwa ƙauyen. Baƙi ya ƙi shiga kan Inna, sai matar ta ce to bari ta ba ta abu ɗaya ta riƙe, ta yi ta maimaita mata Zaburar nan har ta zauna. Ta ce, "Da ita na haife shi, da ita na yaye shi. Ga shi nan da gemu. Ku masu karatu ku yi ta juya ta. Ni na ga aikinta."

Na ci gaba da tsinkar ganye.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Tun safe Tabita ke kira ta cikin danga. Ba a amsa ba.

Da la'asar na ji Malam ya sallami yaran karatu. Sai na ji muryar Yakaka, sau ɗaya tak, sannan mata suka rufe ta da salati.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Na je.

Inna ta tsaya a zaure ta ce in na fita na fita daga inuwa, kuma in tuna ba ni kaɗai ba ce a gidan nan. Na ce, "Inna, ranar da naƙudar Tabita ta kama ni kina gona, wa ya riƙe ni kafin ungozoma ta iso?" Ta ce, "Na sani. Ki yi mata gaisuwar ta danga." Na ce ba a gaisuwar ɗa ta danga. Na raɓa ta na wuce. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa wuce ta ba.

Ba kowa a gidan sai tsofaffi biyu. Tsoro ya hana mutane. Yakaka na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, idonta a bushe. Na ce, "Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Sai ta kama hannuwana biyu ta riƙe, ta ce, "Malama, ko kuka ba ta yi ba. Ƙishi kawai take cewa." Ban janye hannu ba. Wannan nake so ya zauna a rubuce, ban janye ba. Amma duk tsawon lokacin da ta riƙe ni, tunanin sabulu nake.

Malam ya rako ni zaure. Ya ce, "Mun gode, Malama. A gaida Inna. Ina jin ta kullum da asuba. Zaburar Annabi Dawuda ce ko?" Na ce ita ce. Ya ce, "Allah ya ba mu albarkacinsa. Ki ce mata ta riƙa sa mu a ciki."

Inna ta sa na yi wanka kafin na shiga ɗaki, ta tsoma zanena a tafasasshen ruwa.

Alhamis, 21 ga Agusta, da sassafe

Na isar wa Inna saƙon Malam. Ta ci gaba da shara. Amma yau da ta kai wurin dubun nan ta yi ƙasa da murya, sai da ta wuce shi ta ɗaga.

Tabita ta tambaya. Na ce Tahira ta yi tafiya. Ta ce, "Ba ta gaya mini ba."

Na wanke hannu har fatar ta fara tsagewa.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Tun asuba cikin Tabita ke gudu. Ba irin na cin ɗanyar gyaɗa ba ne. Na sani. Na san kamarsa.

Asabar, da la'asar

A aji uku aka kwantar da ita. Ajina. Ikilima ta nemi jijiya a hannu ta rasa, sai a ƙafa ta samu. Ta rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar da nake rataye taswira. Lissafin da na rubuta ranar da aka ba da hutu yana nan a bango, ba wanda ya goge. Idon yarinyar ya faɗa. In aka ja fatar cikinta sai ta tsaya a tsaye.

Inna ta iso da allo a ƙarƙashin mayafi. Wurin Malam ta aro shi. Ta miƙa wa Baban Tabita a baranda, ta ce ya rubuta Zaburar duka, a wanke a ba yarinya. Ya ce ba zai yi ba. Ta ce, "Su suna yi da nasu. Namu ne ya fi ƙarfin allo?" Ya ce, "Inna, ba laya ba ce." Ta ce, "To mece ce? Kai ka je makarantar Littafi. Gaya mini mece ce in ba za ta tsai da cikin yarinya ba."

Ina jin su ta taga. Ya zauna a ƙasa gabanta. Ya ce malaminsu ya gaya musu cewa Yahudawa, waɗanda Zaburar ta fito daga cikinsu, waƙar tsari daga masifu suke kiranta, kuma suna karanta ta kafin su kwanta barci. Su ma malamansu na dā sun yi irin gardamar nan. Suka tsaya a kan cewa mutum na iya karanta ta don neman tsari, amma in ciwo ya riga ya kama, ba a mai da Maganar Allah magani. Inna ta bari ya gama tsaf. Ta ce, "Yahudawan nan, jikarsu ce kwance a ciki?" Ya jingine allon a bango.

Ta juyo ta gan ni a taga. Ta ce, "Ke kuma, na gaya miki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya isa.

Allon na jingine a baranda, ba a rubuta komai a kai ba.

Litinin, 25 ga Agusta, da azahar

Leda ta ƙare a sa wata. An fitar da mutum daga aji huɗu, an fitar daga aji biyar. Ba na leƙawa. Ƙarar amalanke kawai nake ji.

Inna ba ta yi mini magana, amma ta ƙwace wanki. Duk tsumman da aka zare daga ƙarƙashin Tabita ita ke kai shi bayan makaranta ta wanke. Ikilima ta ba ta safar hannu, ta sa sau ɗaya ta cire, wai ba ta jin wankin a hannunta. Na ce in karɓe ta. Ta dubi bango ta ce, "Uwar yarinya ta zauna kusa da 'yarta." In ta gama ta shanya, ta zo ta kwanta a ƙasa gefen tabarmar, bakinta na motsi.

Nima na gwada karantawa a zuci. Ina kaiwa fikafikan nan sai in tsaya. Na sha ganin shaho ya sure ɗan tsako uwarsa na kallo.

Hannun Yakaka ne? Ko rijiya? Ko wani abu ta tsinta ta sa a baki ina can wajen gaisuwa? Ikilima ta ce ba wanda zai iya sani. Ina so in yarda da ita.

Laraba, 27 ga Agusta, da sassafe

Tabita ta ce tana son koko. Da sukari.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Mun dawo gida. Babanta ne ya saɓo ta a kafaɗa, ƙafafun nan na reto kamar sillen kara. Inna ta yi rawa a tsakar gida, tsohuwa da ita, tana tafi tana cewa, "Ban gaya muku ba? Ya leƙo ya koma! Ya leƙo ya koma!" Na ce, "Inna, a hankali, ana ji." Ta tsaya cak, ta dubi danga, ta shige ɗaki.

Ba a jima ba Yakaka ta yi sallama da ƙwan zabi a 'yar ƙwarya. Ta tsaya daga zaure ta ƙi shigowa. Ta ce, "Barka da arziki. Allah ya raya." Ta hango Tabita daga nesa, ta daɗe tana kallo. Na kasa haɗa ido da ita. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma ji nake kamar ina cin abinci a gaban mai azumi.

Lahadi, 31 ga Agusta, da la'asar

Inna ba ta je sujada ba, wai ƙafa ke ciwo. Da muka dawo na ga buta ba ta inda take zama. Sai ga ta ta fito daga bayan gida tana dafa bango. Ba a jima ba ta koma. Na ce, "Inna." Ta ce, "Wake na ci." Ba mu dafa wake ba.

Baban Tabita ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana roƙo. Ta ce ba inda za ta. "Duk garin nan suna ji na kowace safiya. In aka gan ni a kan amalanke, me zan ce? Wa zan kunyata, ni ko Shi?" Ya ce ba wanda za ta kunyata. Ta juya fuska ga bango. Na dama ruwan gishiri da sukari, ta kurɓa sau ɗaya don in rabu da ita.

Ya tafi kiran Kamilu da Sha'aban, 'ya'yan ƙaninta, ko za ta ji nauyinsu. Su musulmi ne, amma a hannunta suka tashi, ba ta iya ce musu a'a. Hadari ya haɗu ta gabas. Ruwa ya riga su isowa.

Litinin, 1 ga Satumba, da azahar

Sai da gari ya waye aka iya fita da ita, hanya ta zama kogi. Ba ta ƙara gardama ba, ba ta da ƙarfin yi. Aji uku kuma. Ikilima ta duba ta, ta dube ni, ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa. Ta rataye leda.

Da ruwan ledar ya ɗan shiga jikinta ta buɗe ido ta ce, "'Yar nan." Muryar ta shige, kamar daga cikin tulu take fitowa. Ta ce in karanta mata. Ban zo da Littafi ba, amma ashe na haddace ta don jin ta kullum. Na fara. Da na zo wurin dubun na yi niyyar tsallakewa, sai ta matse mini yatsa. Na karanta.

Ta ce, "Kin ji? Bai tashi ba."

Na ce, "Mene ne bai tashi ba, Inna?"

"Alkawarin. Wa ya kwanta a gefen yarinyar nan kwana da kwanaki? Ni ce ta gefen. Ita ga ta can tana shan koko."

Na ce, "Inna, ba haka ake nufi ba."

Ta ce, "Ke da mijinki kun san abin da ake nufi. Ni na san abin da na roƙa."

Ta rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Maganar nan ta taga, ki zubar da ita. Da a gidanmu aka yi, Yakaka ba ta danga za ta gaishe mu ba." Ta ce kuma a mayar wa Malam allonsa, kayan aro ne.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Ruwa ake yi. An ce kada mu taɓa gawar Inna. Sun fesa magani, sun naɗe.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Jiya da la'asar muka kai ta.

Daga coci dattawa biyu suka zo, da wata tsohuwa ƙawarta. Ban ga laifin sauran ba, ina ta gaya wa kaina ban ga laifinsu ba. Kamilu da Sha'aban ne suka haƙa kabarin a bayan coci, Malam ya aiko ƙaninsa da diga. Su da dattawan suka ɗauka. Hanya duk taɓo, ƙafa na nutsewa, dole a riƙa tsayawa ana canja kafaɗa.

A tsayawar farko Baban Tabita ya buɗe baki ya fara Zaburar. Na ji kamar an mare ni. Na ja hannun rigarsa na ce, "Ita? Yanzu? Ka zaɓi wata mana." Ya yi ƙasa da murya don kada masu ɗauka su ji, ya ce, "Yahudawa da ita suke raka gawa. Su yi tafiya, su tsaya, su karanta, su ci gaba, har bakin kabari." Na ce, "Wadda ta ce ba abin da zai same ka?" Ya ce, "Ita." Na ce, "Da gawar a kafaɗarsu?" Ya ce, "Da gawar a kafaɗarsu."

Na sake masa riga. Duk inda aka tsaya sai ya ɗora daga inda ya bari. Ya wuce fikafikan, ya wuce dubun, ya wuce mala'ikun da ba za su bari ƙafarka ta yi tuntuɓe ba, ga mu muna zamewa cikin taɓo. Kusa da ƙarshe akwai wurin da Allah da kansa ke magana, yana cewa in mutum ya shiga wahala yana tare da shi a cikinta. Nan murya ta ƙare masa. Ya sake gwadawa ya kasa. Ni na ƙarasa. Har da wurin alkawarin tsawon rai, a bakin ramin na karanta shi, Sha'aban na tsaye da shebur, kansa a sunkuye, yana jira in gama.

Ban sani ba ko na gaskata abin da na karanta. Na dai kai ƙarshe.

Juma'a, 5 ga Satumba, da hantsi

Na je ɗiban ruwa. Na ɗaga Littafin, na ɗiba, na mayar, na danne da dutsen. Sai da na sha na tuna.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan sujada

An ce abin ya lafa. Ikilima ta ce aji huɗu da biyar ba kowa. An rufe rijiyar kasuwa da kwano da duwatsu, ko da yake har yau ba wanda ya fito ya ce ita ce.

Baban Tabita bai yi wa'azi ba. Ya tsaya gaban jama'a ya ce yau ba shi da abin faɗa, a yi waƙa. Da aka tashi wani dattijo ya same shi a waje, ya ce mutane na tambaya, in Inna da Zaburarta ta tafi, su ina za su kama? Ya ce, "Baba, nima tambayar nake."

A gida ya ce mini wurin nan da ya tsaya masa a wuya, malaman Yahudawa sun ɗauke shi da cewa in mutanen Allah na shan wuya, shi ma yana sha tare da su. Ya ce ya taɓa rubuta haka a jarrabawa, ya ci. Na ce, "Yanzu fa?" Ya ce, "Yanzu da ma Allah hanawa kawai ya yi." Na ce nima haka. Muka zauna a bakin ɗakin Inna. Ban taɓa jin ina kusa da shi kamar yau ba, kuma wannan ma sai ya ba ni kunya.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

Geron gayaunar Inna ya nuna, tsuntsaye sun fara sauka. Baban Tabita na babbar gona shi da su Kamilu, sai na ɗauki wuƙa da buhu in yanko abin da zan iya. Yanzu ba mai tsare mini Tabita, dole in tafi da ita, ga shi ƙafarta ba ta yi ƙwari ba tukuna.

A ƙofar gida na tarar da Yakaka da tata wuƙar. Ta ce Malam ne ya ce ta zo ta taya ni. Ban sani ba ko shi ya ce ko ita. Ta zo gaisuwar Inna, amma cikin mata, ba mu keɓe ba.

Muna wuce kukar bakin gari Tabita ta tsugunna ta ce ta gaji. Na fara kwance gyale in goya ta, sai Yakaka ta ce, "Malama, ba ni ita." Na tsaya. Ta ce, "In ba kya so ba komai." Na ce, "Tabita, je ki wurin Maman Tahira." Sai da sunan ya fita na ji abin da na faɗa.

Yakaka ta duƙa, yarinyar ta hau. Ta ɗaure ta da mayafinta, ta ɗan girgiza ta ta zauna daidai, yadda uwa ke yi ba tare da tunani ba. Sai ta tsaya, ba ta taka ba. Ina bayanta, ba na ganin fuskarta, kafaɗunta kawai nake gani.

Ta ce, "Ta rame. Dā nauyinsu ɗaya ne."

Na ce, "Za ki iya kuwa?"

Ta ce, "Mu je, tsuntsaye na ci."

Ba ta sauke ta ba har muka gama. Da yarinyar a bayanta ta yi yankan, Tabita na barci, kumatunta manne da wuyanta. Da muka dawo ƙofar gida sai da na miƙa hannu sau biyu kafin ta kwance mayafin.